Shafe Rumbu da Sake Farawa: Nazari a kan Gyara, Tuba da Ɗayantakar Alhaki

Daga cikin tsofaffin tambayoyin da masana falsafa da malaman tauhidi suka daɗe suna juyawa akwai wadda ta shafi sabuntawa, wato ko zai yiwu abu ya sake farawa daga tushe alhali yana nan a matsayin shi kansa, kuma idan hakan zai yiwu, mene ne ke wucewa, mene ne ke saura. A da ana tattauna wannan mas'ala ne a kan jirgin ruwa ko kogi ko jikin ɗan Adam da ke girma yana tsufa, amma a yau duk wanda ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka yana cin karo da ita a aikace, ko da bai san ta da suna ba, a duk lokacin da ya shafe babbar manhajar na'urarsa ya ɗora wata, ko ya raba rumbun ajiyarta gida biyu domin manhajoji biyu su zauna a ciki. Babbar manhaja ita ce tarin umarnin da ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da mai aiki da ita, ita ke raba wa sassan na'ura aiki, ita ke tsara inda kowane fayil zai zauna, ita ke ba ƙananan manhajoji izinin motsi, kuma fitattu a cikinsu su ne Windows na kamfanin Microsoft, da macOS na Apple, da dangin Linux waɗanda suka tsiro daga ƙwayar manhajar da Linus Torvalds ya fitar a Helsinki a 1991.

Sake ɗora babbar manhaja aiki ne mai sauƙi wanda sau da yawa ba ya wuce sa'a ɗaya ko biyu, kuma sauƙinsa ne ya mai da shi maganin kowace cuta a rumfunan masu gyara, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja. Idan kwamfuta ta yi nauyi, ko tana daskarewa, ko tana kashe kanta, hukuncin da mai ita ya fi ji shi ne sai an yi mata fomatin, ma'ana a shafe sashen da manhajar take a sa sabuwa. Akwai kuma wasu mutane, galibi ɗalibai da masu sha'awar fasaha, da suka mai da wannan aiki ɗabi'a, yau Ubuntu, gobe Fedora, duka daga dangin Linux, jibi a koma Windows, kowane sauyi yana zuwa da fatan cewa wannan karon an samu tsarin da ba shi da aibi. Abin da ke jan rai a nan sananne ne, domin fuskar sabuwar manhaja, wadda babu tarkacen fayiloli a kanta kuma take buɗewa cikin hanzari, tana sa mutum jin an yafe masa duk sakacin da ya yi a baya. Wannan jin shi ne abin da ya cancanci bincike, saboda yana ɗauke da wata fahimta game da sabon farawa wadda idan aka bi ta a hankali za a ga tana da rauni.

Mataki na farko shi ne a san ko kwamfutar da aka shafe tana nan a matsayin wadda take a da. Plutarch, marubucin tsohuwar Yunan, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana suka rabu a kan ko jirgin na asali ne ko wani ne dabam. Thomas Hobbes ya ƙara wa mas'alar wuya a 1655 da ya kawo yiwuwar wani ya tattara tsofaffin katakan ya haɗa jirgi na biyu, ta yadda za a samu jirage biyu kowanne yana da hujjar cewa shi ne na farko. Masu sayar da manhaja ba su da damar barin tambayar a buɗe, tun da kuɗi ya rataya a kanta, don haka tun daga Windows XP a 2001 Microsoft ya ɗaure lasisin manhajarsa da sassan ƙarfen na'ura, kuma a tsarinsa na yanzu babban allon lantarkin da sauran sassa ke haɗuwa a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne mafi nauyi a ma'auni. Mutum zai iya shafe manhaja sau goma lasisinsa ya dawo da kansa, amma idan ya sauya wannan allo sai a ɗauke shi kamar wanda ya zo da wata kwamfuta. Mai na'ura kuwa ba haka yake aunawa ba. Idan aka sace kwamfutarsa aka bar masa kwafin fayilolinsa, zai ce ya yi asarar kuɗi, idan kuwa aka bar masa ƙarfen aka shafe kundin digirinsa da hotunan iyalinsa da lissafin kasuwancinsa, zai ce komai ya tafi. Wannan ya yi kusa da ra'ayin John Locke, wanda a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, a 1694, ya jingina ɗorewar mutum a kan saninsa da kansa da tuna abin da ya aikata, ya kuma danganta hakan da hisabi, wato da wanda za a yaba wa ko a tuhuma. Amsoshin biyu ba su ci karo ba, kowace tana biyan buƙatar mai tambaya ne, amma ta biyun ita ce ta shafi wannan nazari, domin tana nuna cewa abin da ke riƙe da zaren rayuwa shi ne abin da aka ajiye aka kuma iya tunawa.

Daga nan sai a duba abin da shafewar take shafewa a haƙiƙa. Fomatin na gaggawa, wanda shi ne aka fi yi, yana sake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne kawai, ya ayyana wurin a matsayin fili, amma bayanan suna nan kwance a kan faifan rumbu har sai an rubuta wasu a kansu, kuma manhajoji irin su PhotoRec suna iya tono da yawa daga ciki. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa sakamakon bincikensu a kan tsofaffin rumbuna 158 da suka saya a kasuwar kayan hannu, inda suka tarar 12 ne kacal aka tsabtace yadda ya kamata, a cikin sauran kuwa suka samu wasiƙu da bayanan asibiti da dubban lambobin katin banki. Sababbin rumbunan da ba su da faifai mai juyawa, waɗanda ake kira SSD, sun fi saurin zubar da abin da aka goge, amma ƙa'idar tana nan, ɓacewar abu daga ido dabam, gushewarsa dabam.

Mafi muhimmanci ma shi ne abin da shafewar ba ta kaiwa gare shi ko kaɗan. A ƙarƙashin babbar manhaja akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin allon na'ura, wadda a da ake kira BIOS, a yanzu UEFI, ita ce ke farkawa da farko idan an kunna kwamfuta, kuma fomatin ba ya taɓa ta. A 2018 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana wata muguwar manhajar leƙen asiri da aka sa wa suna LoJax, wadda ke maƙalewa a wannan wuri, ta yadda ko an shafe rumbu, ko ma an sauya shi ɗungurungum, tana nan. Haka kuma fankar da ƙurar hunturu ta toshe har na'ura ke zafi tana kashe kanta, da batirin da ya mutu ta yadda duk ɗaukewar wuta ke katse rubutu a tsakiya, da rumbun da ya fara lalacewa, duk sabuwar manhaja za ta gaje su kamar yadda tsohuwar ta bar su. Sai kuma babban magaji, wato halin mai na'urar, wanda zai koma ya sauke manhajojin sata daga shafukan da ya saba, ya cusa filashin da ya zaga shagunan buga takardu ba tare da bincike ba, bayan 'yan watanni kuma ya koma rumfar mai gyara da ƙorafin da ya kai a baya.

A nan ne asarar da ba a cika lura da ita ba take. Kowace babbar manhaja tana rubuta rajistar abin da ke faruwa a cikinta, kuskure bayan kuskure, da ranarsa da sa'arsa da sashen da ya jawo shi, kuma wannan rajista tana zaune ne a sashen da ake shafewa. Wanda ya yi gaggawar fomatin kafin ya karanta ta ya hallaka shaidar da za ta gaya masa dalilin ciwon, ya fita da na'ura mai tsabta da jahilcin da ya shiga da shi. Rumbun kansa, abin sha'awa, yana da tasa rajistar da ake kira SMART, inda yake ƙirga sa'o'in da ya yi yana aiki da adadin gurabun da suka lalace aka kauce musu, kuma wannan ƙidaya ba ta komawa sifili don an sa sabuwar manhaja. Mai gyara na ƙwarai yakan buɗe ta cikin minti biyu ya ga cewa rumbu ne ke mutuwa, ya hutar da mai kaya daga biyan kuɗin aikin da ba zai yi magani ba.

Fiƙihun ibada, wanda almajiri ke fara koya a Ahalari da Ishmawi kafin ya kai Risala, yana da matsayi bayyananne a kan zaɓi tsakanin gyara da sakewa, kuma wannan matsayi ya fi abin da ake yi a kasuwar kwamfuta zurfin tunani. Wanda ya yi rafkanuwa a salla ba a umarce shi ya yanke ta ya sake daga farko ba. An umarce shi ya san irin kuskuren da ya yi, idan ragi ne a sunna mai ƙarfi ya yi sujada ƙabli, wato kafin sallama, idan ƙari ne ya yi ba'adi, idan farilla ce ta kuɓuce sujada ba ta isar mata sai ya kawo ta, idan kuma ya yi shakkar adadin raka'o'i ya yi gini a kan abin da ya tabbatar. Sakewa gaba ɗaya tana da wurinta, amma an keɓe ta ga abin da ya ɓata sallar daga tushe, kamar warwarewar alwala. Hikimar wannan tsari ita ce ya tilasta wa mutum sanin ciwo kafin magani, ya kuma hana shi zubar da abin da ya inganta saboda abin da ya ɓaci. Malaman Malikiyya sun ma yi magana a kan wanda shakka ta aure shi, wato mai waswasin da kokwanto ke zo masa kullum, suka ce maganinsa shi ne ya yi watsi da shakkar, domin biye mata da maimaita alwala da salla ƙara mata ƙarfi yake yi. Duk wanda ya ga mai sauya manhaja kowane mako, yana neman tsarin da ba shi da tabo, yana ƙare lokacinsa a shirya na'ura ba tare da ya yi aikin da ya saye ta dominsa ba, zai gane cewa malaman sun san wannan hali tun kafin a ƙera kwamfuta.

Mas'alar ta fi nauyi idan aka kai ta ga tuba, domin a nan ne mutane suka fi ɗaukar sabon farawa a matsayin shafe baya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin littafinsa Ihya'u cewa tuba yana haɗuwa ne daga abubuwa uku a jere, sanin cutarwar zunubi, sai zafin zuciya da wannan sani ke haifarwa, wanda shi ne nadama, sai aikin da nadamar ke haifarwa, wanda ya shafi yanzu ta barin laifin, da gaba ta ƙudurin rashin komawa, da baya ta gyara abin da ke gyaruwa. Ahalari ya kawo sharuɗɗan tun a shafukansa na farko, Risala kuma ta sanya mayar da haƙƙin waɗanda aka zalunta a cikin tuba. Babu ɗaya daga waɗannan da zai yiwu ga wanda ya manta. Ba a nadama a kan abin da ba a tuna ba, ba a mayar da haƙƙin da aka shafe lissafinsa, kuma ƙudurin rashin komawa ba ya da ƙarfi idan mutum bai san ƙofar da ya bi ya faɗa ba. Saboda haka mai tuba na gaskiya ya fi kama da wanda ya zauna ya karanta rajistar kurakuransa layi bayan layi fiye da wanda ya shafe ta. Mutumin da ya sauya gari, ko ya sauya abokai da tufafi da lambar waya, ya ce ya buɗe sabon shafi alhali bashin mutane yana wuyansa, fomatin na gaggawa ya yi wa rayuwarsa, abin da ya binne yana nan, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito game da wanda zai zo ranar hisabi da ibadu masu yawa a rabe su ga waɗanda ya cuta ya isa gargaɗi a kan haka.

Mai karatu zai iya kawo hujja a kan wannan, kuma hujjar tana da ƙarfi. Nassoshi sun zo da bushara cewa shiga Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi, cewa hajji karɓaɓɓe yana mai da mutum kamar ranar haihuwarsa, cewa bawan da ya yi ta faɗawa laifi yana komawa neman gafara ba a rufe masa ƙofa. Ashe ke nan akwai shafewa ta gaske, kuma maimaita ta ba aibi ba ne. Amsa ita ce a lura da mai shafewar. A duk waɗannan nassoshi Allah ne ke shafewa, don rahamarsa, daga littafin da ke hannunsa, abin da aka nema daga bawa kuwa shi ne ya amsa laifinsa, kuma ba wanda ke amsa laifin da ya kawar daga zuciyarsa. Kuskuren da ake yi shi ne bawa ya karɓe aikin da ba nasa ba, ya yafe wa kansa ta hanyar mantuwa, ya bar aikin da yake nasa. Game da maimaitawa kuma, gaskiya ne cewa yawan komawa ba laifi ba ne, kamar yadda ɗalibin da ya ɗora Linux sau da yawa yana lura da abin da ya ɓata a kowane karo yake fita da ilimin da babu aji da zai ba shi. Abin dubawa shi ne ko kowace komawa ta ƙara masa sani, ko kuwa ta share sanin da ya kamata ya samu. Hausawa kan ce hali zanen dutse, Gazali kuwa ya yi dogon raddi ga masu cewa hali ba ya sauyuwa, yana mai nuna cewa da haka ne da wa'azi da tarbiyya sun zama banza, amma sauyin da ya yarda da shi na horo ne a hankali, ba na dare ɗaya ba.

Ɓangare na biyu na mas'alar, wato zaman manhajoji da yawa a na'ura ɗaya, yana buɗe wata ƙofa. Ana yin haka ne ta yanka rumbu zuwa sassa, kowane sashe da tsarinsa. Tsohon tsarin da ya zo a 1983, wanda ake kira MBR, yana ajiye jadawalin rabon a gurbin farko na rumbu mai girman bayit 512, kuma manyan sassa huɗu kawai yake ɗauka, sabon tsarin GPT kuwa yakan ba da har 128. Idan an kunna na'ura sai wata ƙaramar manhaja, galibi GRUB, ta fito da jerin sunaye a kan baƙin allo tana jiran zaɓi na 'yan daƙiƙoƙi. Abin ya yi kama da babban gidan gandu mai sassa da yawa da zaure ɗaya, kowa da ɗakinsa da tukunyarsa, amma ƙofar shiga ɗaya ce, rijiya ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa zauren ya taɓa kowa. Wanda ya sake ɗora Windows a tsohon tsari yakan tarar ta rubuta nata umarnin kunnawa a kan gurbin farko, Linux na nan da ransa amma babu hanyar isa gare shi, kuma a watan Agusta na 2024 wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana Linux tashi a kwamfutocin mutane da dama masu tsari biyu. Tun daga Windows 8 kuma akwai dabarar saurin kunnawa, inda kashe na'ura ba kashewa ba ce cikakkiya, manhajar tana barin sashenta a ɗaure da niyyar ci gaba daga inda ta tsaya, sai Linux ya ƙi yin rubutu a wannan sashe don gudun ɓarna.

Misalin da ya fi kowanne bayyana lamarin shi ne na agogo. A jikin allon kwamfuta akwai agogo guda ɗaya da ƙaramin batiri ke riƙe da shi ko na'ura tana kashe. Linux ya saba ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin agogon GMT, sa'an nan ya ƙara ko ya rage gwargwadon ƙasar da ake, Windows kuwa tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari kai tsaye. A Najeriya da Nijar, inda ake gaban GMT da sa'a ɗaya, wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows zai iya ganin sha biyu da rabi alhali ɗaya da rabi ta yi, a Sudan tazarar sa'a biyu ce, mazaunin Kumasi ko Accra kuwa ba zai ga komai ba tun da Gana a kan GMT take. Kowace manhaja daidai take a bisa ƙa'idarta, amma agogon ɗaya ne, kuma babu gyara sai an sa ɗaya ta bi ƙa'idar ɗayar.

Darasin falsafa a nan ya shafi mutumin da ke son raba rayuwarsa sassa-sassa, kowane sashe da dokarsa, gaskiya a masallaci, wata ƙa'ida a kasuwa, wata a ofis, wata a bayan allon waya inda yake zaton ba a san shi ba. Dole a yi adalci a nan, domin yawan fuskoki ba shi ne munafunci ba. Mutum ɗaya yakan zama uba a gida, ɗalibi a gaban malaminsa, shugaba a wurin aiki, yakan rubuta boko da ajami, yakan yi magana da harsuna uku, kuma duk wannan yalwa ce abar yabo, kamar yadda injiniyan da ke buƙatar Windows don manhajar zane da Linux don rubuta shirye-shirye yake da cikakken uzuri. Matsalar tana farawa ne idan sassan suka saɓa a kan abin da ba ya rabuwa, kuma a rayuwar mutum abin da ba ya rabuwa shi ne lokacinsa da amanarsa da hisabinsa. Aya ta 4 a Suratul Ahzab ta kore samuwar zukata biyu a ƙirjin mutum ɗaya, aya ta 29 a Suratuz Zumar kuma ta kwatanta wahalar wanda iyayengiji masu saɓani suka yi tarayya a kansa da natsuwar wanda yake na ubangida guda. Ƙaryar da aka yi a sashen kasuwa tana rubutuwa ne a rumbun da sallar asuba ke rubutuwa, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai wata hanyar tara manhajoji wadda ta fi kusa da yadda rayuwa mai tsari take. Tun a ƙarshen shekarun 1960 injiniyoyin IBM suka ƙirƙiro dabarar da kwamfuta ɗaya ke kwaikwayon kwamfutoci da yawa a cikinta, VMware ya kawo ta ga ƙananan kwamfutoci a 1999, VirtualBox ya sauƙaƙa ta ga kowa, a 2016 kuma Microsoft ya shigar da hanyar gudanar da shirye-shiryen Linux a cikin Windows. A wannan tsari akwai mai masauki guda wadda ke riƙe da ƙarfen na'ura, sauran kuma baƙi ne da ke aiki a cikin iyakar da ta ba su, suna iya gudana tare a lokaci ɗaya ba tare da rikici a kan ƙofa ba, saboda an san wadda ke da hukunci na ƙarshe. Yawa ba ya cutarwa idan akwai tushe guda da ake komawa gare shi, kuma abin da malaman tarbiyya ke nufi da ikhlasi, wato tsarkake niyya ga Allah shi kaɗai, shi ne ya zama wannan tushe a ƙarƙashin ayyuka mabambanta.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar wannan kwatance, don kada a ɗauke shi fiye da ƙarfinsa. Wasu masana falsafar Turai da Amurka, irin su Hilary Putnam a shekarun 1960, sun yi ƙoƙarin fassara hankali da cewa shi ga ƙwaƙwalwa kamar manhaja ce ga ƙarfe, John Searle kuma ya yi musu raddi a 1980 da cewa bin ƙa'idojin alamomi ba ya haifar da fahimtar ma'ana. Tun kafinsu da ƙarnuka Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa hujja da mutumin da aka ƙaddara an halicce shi yana shawagi a sarari, ba ya gani ba ya jin gaɓoɓinsa, amma duk da haka ya san yana nan, don ya nuna cewa sanin kai ba ya jiran jiki. Kwamfuta ba ta da wannan sani, ba ta nadama, ba a tambayarta, kuma Suratul Isra'i ta sanar da cewa abin da aka ba ɗan Adam na ilimin ruhi kaɗan ne. Bambanci mafi girma shi ne cewa mai kwamfuta yana tsaye a wajenta, yana iya kwashe fayilolinsa ya ajiye a gefe, ya shafe, ya mayar, mutum kuwa ba shi da wurin da zai tsaya a wajen kansa, da hannun da ya yi ɓarna zai yi gyara, da zuciyar da ta karkata zai nemi shiriya, shi ya sa gyaransa ke ɗaukar shekaru, shi ya sa kuma yake buƙatar taimakon da ke zuwa daga sama da shi.

Saura hukuncin da ya hau kan na'urar kanta, domin mas'alar ba ta tsaya a kwatance ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake saya a kasuwannin Afirka ta Yamma na hannu ne, sun fito daga ofisoshi da gidajen Turai da Amurka, kuma tun da tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 na neman sassan tsaro da tsofaffin na'urori da yawa ba su da su, shafewa da sauya manhaja za su ƙaru. Mai gyaran da aka miƙa wa kwamfuta an miƙa masa asirin gida ne, kuma bai halatta ya buɗe abin da aikinsa bai buƙata ba, ko ya kwafa, ko ya shafe kafin ya tambayi mai ita ko yana da kwafi a wani wuri. Wanda zai sayar da tasa, idan akwai bayanan wasu a ciki, na ɗalibai ko marasa lafiya ko abokan ciniki, fomatin na gaggawa bai sauke masa nauyi ba, sai ya yi shafewar da ke rubuta wani abu a kan kowane gurbi ko ya yi amfani da umarnin tsabtacewa na rumbun. Wanda kuma ya saya ya tarar da abin da ba nasa ba, kuɗinsa ƙarfe ya saya masa, bai saya masa sirrin mutane ba, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya shafe ba tare da ya karanta ba.